Ƙofofi Huɗu a Bayan Miksar Drissa

Jiya ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku yana cewa fitar wa miksa ƙofofi ba wani aiki ba ne, wai waya huɗu ce a liƙa da dalma, shi ya gani a bidiyo cikin minti shida. Minti shida! Ban tanka masa ba saboda bakina cike yake da goro. To yau na tofar. Ku ajiye wayoyin mutane da kuke canza wa gilashi, ku jawo benci, in gaya muku yadda waya huɗun nan ta kusa zubar mini da mutunci a Treichville gaba ɗaya.

Amma sai kun fara sanin hannun da ya yi aikin. Ina saurayi na sauko Abidjan daga wajen Tawa. Kawuna mai sayar da goro a kasuwar Adjamé ya dube ni ya ga ba ni da bakin ciniki, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai gyaran rediyo ɗan Togo, ana ce masa Kofi, nan bayan tashar Gare de Bassam. Shekara guda cur Kofi bai bari na taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina kwance ƙusoshi, in jera su a murfin gwangwani yadda na ciro su, in mayar da su yadda na jera. Ranar da ƙusa ɗaya ta yi saura bayan na rufe rediyo, sai in sake buɗe ta tun daga farko, shi kuwa yana gefe yana cin gasasshiyar ayabarsa, ko kallo ban ishe shi ba. A shekara ta biyu ya ba ni abin da har yau nake cin abinci da shi. Allurar ɗinki ce ya liƙa wa wani ɗan kayan cikin rediyo da ake ce wa kondansatar, ya haɗa ta da 'yar lasifikar kunne. Ka sa murya ta shiga na'ura, ka ɗora allura a ƙafar wannan, ka ɗora a ƙafar wancan, kana bin muryar tana tafiya cikin ƙarfe. Inda ta ɓace, nan ciwon yake. Ranar da na fara jin mutum yana karanta labarai ta bakin allura, wallahi tsalle na yi har kaina ya bugi kwanon rufi, Kofi ya ce in na fasa masa rufi zan kwana ina gyarawa.

Ga allurar can rataye a ƙusa. Ita, da ƙarfen dalma biyu, da mita mai hannu irin na da, da gilashin ƙara girma da na ciro daga wani mataccen majigi, su ne dukiyata. Da su na ratsa shekarar da kaset ya mutu, shekarar da ba na so Allah ya maimaita wa ko maƙiyina. Kafin nan layi ake yi a ƙofar shagon nan. Sai ga faifai, sai ga kati, sai ga rediyoyi masu arha waɗanda in sun lalace mutum ya jefar ya sayi wata. Damina guda na yi ina korar ƙuda. Waɗanda suka kawo gyara ma ba su dawo karɓa ba, rakodoji suka taru har rufi. Abokan sana'ata wasu suka koma tura amalanke a Adjamé, wasu suka koma gida. Ni da ba ni da abin yi, sai na zauna ina farke matattun rakodojin nan ɗaya bayan ɗaya, ina zare siririyar wayar da ke zuwa kan kaset, mai rigar ƙarfe a jikinta wadda ba ta ɗaukar gurnani, ina nannaɗewa ina zubawa a gwangwanin madara. Matata ta ce na fara taɓuwa. Daga ƙarshe masu sono ne suka tashe ni, wato masu ba da hayar kayan sauti a biki da suna da masallaci, don kayansu kullum cikin rana da ruwa suke, kullum kuma sai sun ƙone wani abu.

Drissa ɗaya ne daga cikinsu, Bajule ne, wato ɗan ƙabilar Jula, mai Hausar kasuwa, kusan duk bikin 'yan Nijar shi ake kira. Wata Litinin da hantsi ya shigo da miksarsa a hammata, 'yar ƙarama mai ramin mikro huɗu, wadda yake shiga tasin woro-woro da ita a cinya. Bayansa wata mata ce da jaka a kafaɗa. Na gane ta, Rakiya ce 'yar Hajiya Zali.

Ku ba ku san Hajiya Zali ba, amma iyayenku mata sun san ta. Zabiya ce mai waƙar kiɗan ƙwarya, daga wajen Madawa ta zo tun tana amarya. Fiye da shekara arba'in babu auren 'yan Nijar da za a yi tsakanin Treichville da Adjamé ba ita ta yi wa amarya waƙa ba, har da tawa matar. Rakiya, mai kirana Tonton, wato kawu, ta zauna ta ce, "Tonton Isuhu, Inna za ta koma gida. Talatar sama motarta za ta tashi, kuma likita ya ce maƙogwaronta ya gaji, ta daina. Biki biyu suka rage mata, Alhamis a Belleville, Lahadi a Adjamé. Kuma ba mu da muryarta, Tonton. Ko ɗaya."

Na ce haba, wayoyin mata cike suke da bidiyonta. Ta ciro wayarta ta kunna mini. Ƙwarya na tashi, mata na guɗa, Hajiya ta ɗauko baiti ke nan sai ga muryar Habu sanƙira ta danne komai: wance 'yar wane ta ba da turmin atamfa, Allah ya saka! Ta kunna wani, haka. Ta kunna na uku, haka. Na ce to ku kai ta situdiyo mana. Drissa ya kwashe da dariya. Ashe sun kai ta. An sa ta a ɗaki mai katifa a bango, an ɗora mata abin ji a kunne, ta tsaya ta dubi gabas ta dubi yamma ta ce, wa zan yi wa waƙar, bango? Ta ɗauki mayafinta ta fita. In babu amarya a gabanta, bakinta ba ya buɗewa.

Rakiya ta aro rakoda mai ramuka huɗu wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki. Abin da take so shi ne kowane mikro ya shiga raminsa shi kaɗai, muryar uwarta daban, ƙwarya daban, 'yan amshi daban, Habu da ihunsa daban. To ita kuwa miksa tukunyar miya ce, duk abin da ka zuba ya haɗe, ba ka sake tsame gishiri daga ciki. Ta Drissa kuma ƙofar fita ɗaya gare ta, wadda ke zuwa manyan lasifika. Aikina shi ne in fitar wa kowane mikro ƙofarsa tun kafin ya faɗa tukunya. Na daɗe ban sami aikin da ya motsa ni haka ba. Na bugi ƙirji na ce su dawo Laraba.

Buɗe ta kaɗai ya ci mini rabin yini. Maɓallai talatin da wani abu, kowanne sai ka zare hularsa ka kwance zobensa, ka jera. Da faranti ya fito, koren nan da kayan ke manne a kai, sai na ga kayan ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Amma ga ƙafafun kursar nan manya-manya suna kallona. Kursar shi ne maɓallin nan mai zamewa, ka tura sama murya ta ƙaru, ka ja ƙasa ta mutu. Na ce alhamdulillahi, ga wuri mai sauƙi. Na huda ramuka huɗu a bayan akwatin, na zaunar da jak huɗu, wato bakin da ake soka waya, na jawo waya daga ƙafar fitar kowane kursar zuwa jak ɗinsa. Na tura kursar duka sama, na gwada mikro ɗaya bayan ɗaya. Tas! Kowanne a raminsa, babu gurnani, babu tsaki. Laraba Drissa ya zo ya gwada, ya rungume ni yana kirana Koro, wato yaya da yarensu, yana cewa, "Koro, kai maye ne!" Ni kuwa na ƙara kumbura. Ranar Alhamis ko leƙa bikin ban yi ba, ina nan ina ba maƙwabta labarin gwanintata.

Juma'a da safe Rakiya ta shigo ko sallama ba ta gama ba ta dangwarar da rakodar a kan tebur. Idonta ja wur. "Tonton, c'est gâté, ya lalace. Ka saurara."

Na sa abin ji a kunne. Muryar Hajiya ta fito ita kaɗai, garau, har tsigar jikina ta tashi. Ta yi baiti ɗaya, ta shiga na biyu, sai ɗif. Shiru. Can ta dawo a tsakiyar wata kalma, ta yi rabin baiti, ɗif. Duk waƙar ramuka ce, kamar zanen da ɓera ya ci. Na ce dalma ce ta saki. Na jijjiga waya, na auna, lafiya lau. Sai na kunna ramin Habu, na ji duk inda Hajiya ta ɓace, nan shi yake kwarara kirari. Nan take na gane, na dafe kai na ce innalillahi. Na aika aka kira Drissa.

Na ce, "Kai, in Habu zai yi shela me kake yi da kursar ɗin Hajiya?"

Ya ce, "Ina ja ƙasa mana, Koro. Kullum haka ake yi."

Kullum haka ake yi! Ni da na ci shinkafar biki ta fi a ƙirga, na sani sarai haka ake yi, amma da na zauna gaban faranti sai na yi tunani irin na mai shago, wanda kursar ɗinsa ke zaune wuri ɗaya ba mai taɓawa. Na ɗebo muryar a bayan kursar, saboda haka duk lokacin da yatsan Drissa ya sauka, rakoda ma ta kurumce. Kunya ta kama ni ƙwarai, na rasa inda zan sa idona.

Rakiya ta ce to Lahadi kada ya ja, shi ke nan. Drissa ya zabura kamar an ɗana masa wuta. "Ni? A Adjamé? Matar Alhaji ta ba da leshi a kira sunanta ba a ji ba? Wallahi da kujera za su raka ni, kuma ba mai sake kirana ko suna." Gaskiyarsa ce. Wadda ta yi kyauta a gaban jama'a sai an ji sunanta da na ubanta da na garinsu, har ƙarshen layi. Ba za a canza wa mata biki saboda wayata ba. Na ce wa Drissa ya ja kursar ɗinsa yadda ya saba, ni zan koma in ɗebo muryar tun daga sama, inda yatsansa bai isa ba. Rakiya ta ce, "In wannan ma ya lalace fa?" Na ce ba zai lalace ba. A raina kuwa ban san ko zan sami wurin ba, don miksar ba ta da takardar zane, kuma ban taɓa buɗe irinta ba.

Asabar tun da na dawo sallar asuba na sake zare hulunan nan talatin da wani abu. Na kunna rediyo na sa a gaban mikro na ɗaya, wani mutum yana ta bayanin farashin koko da Faransanci, na sauko da allurar Kofi. A bakin rami muryar tana nan, siririya kamar sauro. Na bi ta. Ta ratsa wasu ƙwayoyi biyu, ta shiga wata baƙar aba mai ƙafa takwas, manne a faranti kamar kaska. Ƙafa ta farko da na taɓa, shiru. Ta gaba, sauro. Na ɗora a wata, sai mutumin koko ya daka mini tsawa a kunne har na saki allura! Na murɗa maɓallin ƙarfin shiga, wanda ke can sama kusa da rami, murya ta bi shi. Na ja kursar ƙasa har ƙarshe, mutumin bai fasa surutunsa ba. Na tura sama, na ja ƙasa, na tura, na ja, ko gezau. Na miƙe tsaye ni kaɗai a shago ina cewa ga ta, ga ta, na kama ki! Mai sayar da garba, abincin nan na rogo da kifi, na ƙofar nan ya leƙo da cokali a hannu yana tambaya ko ɓarawo ne.

To a nan ne bidiyonku na minti shida yake ƙarewa, aiki kuma yake farawa. Na ɗora mita a ƙafar, hannu ya motsa, akwai wutar batir kwance a wurin tare da muryar. Ka kai wannan kai tsaye cikin rakodar aro, ka jawo wa kanka magana. Sai an sa kondansatar ya tare wutar ya bar murya ta wuce. Bayansa kuma sai rezistans ƙarami, don in wata ta taka waya a wurin biki ta haɗe, kada ta kashe mikron gaba ɗaya a lasifika. Na shiga gbaka, 'yar bas ɗin haya, zuwa Adjamé, na kutsa layin masu kayan lantarki, masu amalanke na yi mini ihu in kauce, na zaɓo guda huɗu-huɗu ina auna kowanne a gaban mai shi yana hararata. Wayar da na sa da farko kuma ba za ta yi ba, don yanzu hanya ta yi tsawo, za ta wuce kusa da inda wuta ke shigowa ta kwaso gurnani. Na sauko da gwangwanin madarar nan na shekarar kaset, na busa ƙura, na zaro guda huɗu masu rigar ƙarfe. Rigar kuma wuri ɗaya tak ake haɗa ta da jikin na'ura. Ka haɗa wuri biyu, ka ji miksa tana kuka kamar injin niƙa.

Na huɗu ya zauna, na uku ya zauna, na biyu ya zauna. Na bar na ɗaya a ƙarshe, na Hajiya, wai hannuna ya gama sabawa. Ina ɗora ƙarfe sai wani mai babur ya danna oda a bakin ƙofa, hannuna ya ɗan daɗe a wurin, numfashi ɗaya kawai. Na ɗaga sai na ga hanyar jan ƙarfen da ke kwance a faranti ta ɗago ta nannaɗe kamar gashin da ya ji wuta. Na gwada mikro na ɗaya. Babu a jak, babu a lasifika. Na kashe wa Drissa rami guda, ana gobe biki.

Gumi ya keto mini har cikin ido. Na ajiye ƙarfe na fita na yi alwala na yi la'asar, don na san mai gaggawa ba ya gyara komai. Da na dawo na ɗaura gilashin majigi a ido da roba, na kankare koren fentin da bakin reza a hankali har jan ƙarfe mai lafiya ya bayyana, na zare sili ɗaya daga cikin waya, sili ɗaya tak, na kwantar da shi ya zama gada. Na riƙe numfashi na ɗiga dalma nan, na ɗiga can. Na kunna. Mutumin koko ya tafi, wata mata ce take karanta gaisuwa, amma wallahi ban taɓa jin murya mai daɗin tata ba. Na ɗiga gam a kan gadar, na rufe, ƙusa ko ɗaya ba ta yi saura ba.

Lahadi da kaina na je. An toshe titi da rumfunan tamfol, mata sun cika kujeru, kowace ƙungiya da ankonta. Na sa Drissa ya juya manyan lasifika su ba Hajiya baya. Na daidaita maɓallan ƙarfin shiga na manne su da salatif, na ce masa in ya taɓa su sai na karya masa yatsa, kursar kuwa ya yi ta wasa da shi. Na yagi ƙyalle ja na ɗaura a mikron Hajiya, don a bikinmu mikro yawo yake hannu zuwa hannu. Sannan na zauna a bayan tebur da rakoda a cinya da abin ji a kunne, ni kaɗai tsoho mai furfura a tsakiyar mata. Wata ta ce, "Malam Isuhu, amarya ka zo nema?" Na ce wadda ke gida ma ta ishe ni riga da wando.

Aka buga ƙwarya. Hajiya Zali ta miƙe, 'yar tsohuwa ƙarama, ta gyara ɗaurin kallabi, ta buɗe baki. Kai! Ku da kuka saba jin ta ta lasifikar da ta sha rana ba ku ji komai ba. A kunnena har jan numfashinta nake ji, har ƙarar awarwaronta. Habu ya ɗaga hannu, na ga yatsan Drissa ya sauka, titi ya cika da sunan wance 'yar wane. Na dubi rakoda. Fitilar rami na ɗaya tana nan tana rawa! Na daki cinyata har rakodar ta kusa faɗuwa. Ihun Habu yana ɗan shigowa daga nesa, ba zan yi muku ƙarya ba, amma kamar ana magana a gidan maƙwabta. Rakiya tana can tsaye tana kallona, na ɗaga mata babban yatsa, ta rufe baki da mayafi.

Can wajen la'asar dangin ango suka taso da kayansu, akwati-akwati, Habu ya shiga jero sunaye ba ƙaƙƙautawa. Drissa ya ja kursar ɗin Hajiya ƙasa ya bar shi a can, ya ma buɗe lemo yana sha. Duk idon jama'a yana kan akwatuna. Ni kuwa sai na ji muryar ta canza a kunnena. Na ɗaga kai. Hajiya ta durƙusa a gaban amarya, ta shigar da kanta ƙarƙashin mayafin yarinyar, mikro yana hannunta a ƙasan haɓa yadda ta saba riƙe shi. Wata waƙa take yi ƙasa-ƙasa, ba ƙwarya, ba amshi, da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanninmu. Ban taɓa jin ta ba, ni da nake zuwa bikin nan tun ina saurayi. Na ji baiti ɗaya, na ji na biyu. A na uku na gane wannan magana ce tsakanin mace da mace, ba a yi ta don kunnen namiji ba. Na fizge abin jin na ajiye a cinya, na koma kallon fitila kawai. Ta daɗe tana rawa.

Da na koma gida na tambayi matata, wai me Hajiya take gaya wa amare a cikin mayafi? Tana tankaɗe ta tsaya ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya maka tana gaya musu wani abu?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Litinin da hantsi Rakiya ta kawo uwarta shago, an riga an ɗaure kayanta a gida. Na share mata kujerata, na ɗora mata abin ji a kan kallabi. Ta ji muryarta ita kaɗai sai ta zaro ido ta kama dariya. "Ashe haka nake? La ila, ji yadda na ja wannan kamar mai kiran awaki!" Tana kaɗa kai, tana amsa wa kanta, tana dukan hannun Rakiya. Ni ina tsaye ina washe baki, daɗi ya cika ni. Ina cikin neman yadda zan gaya mata abin da ke gaba, sai na ga dariyar ta ɗauke. Ta ɗaga hannu a hankali ta cire abin jin.

"Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce, "Hajiya, na'urar ce. Na gyara ta yadda ko Drissa ya kashe ki a lasifika, ita tana ji."

"Shekara arba'in in Habu ya buɗe baki na san mikrona ya mutu. Kai ka tashe shi ba ka gaya mini ba?" Gaskiyarta ce, ya kamata in faɗa mata tun kafin ta riƙe shi. Ta ce wannan kakarta ce ta sa mata a kunne, ita ma a kunne take sa wa amare, ba a taɓa yin ta a fili ba, balle ta shiga wayoyin 'yan tasha. Ta tura rakodar gabana da bayan hannu. "Goge. Duka."

Duka! Amma muryarta ce, ba tawa ba. Na jawo rakodar, na fara neman wurin gogewa. Sai Rakiya ta dafa hannuna, ta durƙusa a gaban uwarta a kan simintin nan mai ɗigon dalma.

"Inna, pardon. Ranar aurena kin yi mini ita, na sani. Ina kuka, Habu yana ihu, kuma Hausar ta yi mini nauyi, ni da aka haifa a Belleville. Kalma biyar ban kama ba. Na ji kunyar in tambaye ki. Gobe za ki tafi, ga 'ya'yana mata uku. In sun tashi aure me zan sa musu a kunne?"

Hajiya ta dube ta. Gbaka biyu suka wuce. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai, nawa ka ji?"

"Baiti uku, Hajiya. Na uku ma ban ƙarasa ba."

"Ka manta da su."

"Na manta."

"Nuna wa yarinyar nan inda ake mayar da ita baya, da inda ake tsayarwa." Na nuna mata. "To fita."

Na ce, "Na'am?"

"Fita waje, ka ja ƙofar."

Haka aka kore ni daga shagona da rana tsaka. Na ja ƙofa na tsaya a gindin bango. Wani ya zo da amfilifaya a ka, na ce ya dawo gobe, an rufe. Ta jikin katako na fara jin muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa, ta yi ta tsaya. Sai wata murya ta biyo ta, tana rawa, tana tuntuɓe a kan kalmomi. Tsohuwar ta ce a'a, sake. Ta sake.

Na ga har yanzu ina iya ji, sai na tsallaka titi na koma wurin mai garba na zauna.